Babbar Rigata da Siket ɗin Malam Dawud

Tun da na dawo daga Madina, 'yan majalisarmu ta bakin teburin Ɗanjuma mai shayi a Fagge suka hana ni sakat. Wannan ya ce yaya dabino, wancan ya ce da gaske ne ana kawo shinkafa da rabin rago a kai. Shi kuwa Sale Direba, wanda bai taɓa tambayar mutum don Allah ba, cewa ya yi abu ɗaya yake son sani: mutumin da ya yi mana ban kwana na shekara biyu, me ya dawo da shi tun ba mu gama kewarsa ba? To ga shi na rubuta, kowa ya karanta a bar ni na sha shayina. Wanda ya ji a gari cewa an gan ni sanye da siket a Madina, ba ƙarya aka yi masa ba, sai dai ba a gaya masa yadda aka yi ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ilyasu, sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, wato esi. Wanda ya samo mini aikin Abdul'aziz ne, ɗan Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina da ta yi aure a can tun ban san kaina ba. Shi a can aka haife shi, ɗan ƙasa ne, kuma shi ne manajan ma'aikata a wani otal da ke unguwar Sultana. Sharaɗin da aka yi mini a fili yake: za a gwada ni wata uku, in na yi a riƙe ni shekara biyu, in ban yi ba a sa ni a jirgi. Ni ko a mafarki ban kawo maganar jirgin dawowa ba. Na bar wa ƙanena shago, na ce wa matata Jamila ta fara tunanin kalar fentin da take so a ɗakinta, sannan na je na ɗinko manyan riguna uku na shadda, fara da shuɗiya da ruwan toka. A tunanina wanda zai yi aiki a otal a ƙasa mai tsarki ba ya zuwa kamar wanda aka koro daga gareji.

Matsalar farko daga gida na ɗauke ta. Gwaggo ta aiko cewa in taho mata da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, Jamila kuma don kada su ɓata ta cusa su a tsakiyar rigunan. Da muka sauka Jidda, ma'aikacin da ya buɗe jakata ya ja da baya, ya toshe hanci da gefen ɗankwalin da mazan can ke yafawa a ka, ya kira abokin aikinsa ya zo ya shinshina shi ma. Na yi ta nuna musu baki da hannu alamar abin ci ne. Suka kalle ni da tausayi, suka ce in rufe in tafi. Kafin nan ma na sha fama wajen dangwala yatsa, don shekarun da na yi ina riƙe sukundireba da bututun gas sun shafe mini zanen yatsu, na'urar ta yi ta ƙin karɓata har sai da aka shafa mini mai a hannu kamar jariri.

Daga Jidda mota na hau. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ba rami, ba shingen masu cewa a ba su na ruwa, har abin ya fara gundurata. A tsakiyar hanya aka tsaya cin abinci, aka ajiye mana faranti ɗaya mu huɗu a ƙasa, shinkafa da kaza, ba miya. Na tambayi wani ɗan Zinder da ke kusa da ni ina miyar, ya ce Malam, miyar ka baro ta a Kano. Da muka shiga Madina na hango hasumiyoyin masallacin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai duk surutuna ya ɗauke. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, kuma ko yanzu in an ce me na samo a tafiyar nan, wannan ne, ba wanda zai ƙwace mini shi.

Gidan Gwaggo yana Harra ta Gabas, cikin wani lungu da in ba don baƙaƙen duwatsu ba sai ka rantse a Yakasai kake. Ta rungume ni tana kuka tana kiran sunan babana, sannan ta wuce ni ta rungumi daddawarta. Hausarta irin ta da ce, ta mutanen da suka bar gida tun ana cewa sisi da kwabo, amma a kowace jimla sai ta jefa Larabci biyu. Muna cikin cin tuwo Abdul'aziz ya shigo, doguwar riga fara ƙal, jan ɗankwali a ka, turare na tashi. Ni kuwa ganin taubashina, ɗan mace a gaban ɗan namiji, sai na miƙe da fara'ata na ce ga bawana ya iso, zo ka karɓi jakar ubangidanka.

Fuskarsa ta canza nan take. Gwaggo ta ajiye cokali ta ce, “Ilu, a nan ba a faɗin wannan kalma ko da wasa. Aib ne, abin kunya ne, ka ji? An sha gaya wa 'ya'yana ita a makaranta, ba da wasa ba.”

Na ba da haƙuri, ya ce ba komai da Larabci. A ranar na gane abu biyu game da shi: yana jin Hausa sarai amma ba ya mayarwa da ita, kuma bai san wani abu wai shi wasan taubasai ba. Ni na zo wurin ɗan'uwa, shi kuwa ma'aikaci ya karɓa.

Masaukin da otal ya ba mu a Al-Azizya yake, ɗaki ɗaya gado huɗu, biyu a kan biyu. Wanda ke ƙasana Salim ne, mutumin Yaman, mai gyaran famfo. Da zarar ya dawo daga aiki sai ya tuɓe ya ɗaura zani mai zane-zane, ya zauna yana jan gemu, a haka zai je shago, a haka zai je masallacin unguwa. Na yi ta dariya a cikina, ƙato da gemu da zani kamar mai shirin daka. Da muka saba na gaya masa cewa a garinmu namiji ba ya fita da zani. Ya tambaye ni da me mazan garinmu ke yin umara. Na ce wannan daban. Ya ce to, ya ci gaba da tsoma burodinsa a cikin wake, don abin da ake karyawa da shi ke nan kullum, dafaffen wake da aka dame da mai da wani faffaɗan burodi da suke kira tamis.

Ranar farko ta aiki na zaɓi shuɗiyar riga, na kafa hula, na fesa turare don in danne daddawa. Mai gadin ƙofa ya miƙe ya sara mini, wani yaron otal ya zo zai karɓi jakar kayan aikina, ya ɗauka baƙo ne. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗin bai kai ofishin Abdul'aziz ba. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce, “Mamnu'.” Ko ba ka jin Larabci, in aka faɗa maka wannan kalma ka san an hana. Ya ƙara da Turanci cewa wannan kayan biki ne, ba na aiki ba, kuma baƙi za su ɗauka otal ɗin ba shi da tsari. Aka kawo mini shuɗin kayan aiki irin na makanikai, riga haɗe da wando, wanda da alama an ɗinka shi ne don wani gajere. Wandon ya tsaya mini a tsakiyar ƙwauri. Da na fito, mai gadin nan da ya sara mini ya nuna mini ƙofar baya, ya ce daga yau ta nan.

A otal ɗin nan ba sai an gaya maka matsayin mutum ba, tufarsa ta gama magana. Mai farar doguwar riga yana ofis, yana shan gahawa, ana ce masa ustaz. Mai kwat yana wurin karɓar baƙi. Mai shuɗi irina yana gyara, mai kore yana shara, kuma mai shuɗi ba ya zama cin abinci da mai kore, wai shi a dole babba. A gida ma muna da namu, kowa ya san yadda ake tarbar mai babbar riga a banki da yadda ake tarbar mai singileti, amma mu aƙalla in ka samu aron riga ka tsira. A can rigar ma sai an ba ka izini.

Mutum ɗaya ne dokar ba ta hau kansa ba, shi ne shugabanmu na ɓangaren gyara, Malam Dawud. Bature ne ɗan ƙasar Sikotilan, ya musulunta da daɗewa, jan gemu, jar fuska, ga tsawo ga kauri. Ranar Alhamis ta farko da na gan shi yana saukowa daga bene sai da na ajiye sufana na yi salati. Daga wuya zuwa ƙugu lafiya lau, riga mai aljihu da biro. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa siket ne, mai kauri kamar bargo, kore da ja a gicciye, an yi masa tattara a baya irin na 'yan makarantar mata, ga wata 'yar jaka mai gashi tana reto a gaba, ga doguwar safa har gwiwa. Shi yana kiran abin kilt, ya ce tufar mazajen ƙasarsu ce, kowane dangi da irin zanensa, kuma duk Alhamis yake sawa don tunawa da gida. Ya ce ya tambayi malamai, ya sa an ƙara masa tsawo ya rufe gwiwa, masallacin Manzo kuma da doguwar riga yake zuwa. Duk da haka ni idona siket yake gani.

Amma fa ya san aiki, kuma ba ya wulaƙanta mutum. Shi kaɗai ne babban da ke hawa rufin otal tare da mu cikin rana, inda manyan injinan esi suke. Da ya ga yadda nake gano inda gas ke zurara, sai ya fara kirana duk inda aka kakare. Da ɗan Turancina na sakandare muke hira. A ƙarshen gwajina bakin mutum biyu ake jira: shi ya ce na iya aiki, Abdul'aziz ya ce ina da ɗa'a. Na Malam Dawud na riga na samu.

Ana saura 'yan makonni gwajin ya ƙare Abdul'aziz ya kira ni ofis, har da ba ni kujera. Ya ce mai otal, wani dattijon attajiri da ba ya zuwa sai jefi-jefi, zai kawo ziyara ranar Alhamis mai zuwa, kuma ba ya so dattijon ya tarar da shugaban gyara a cikin wannan abu. Ya ce shi ba zai iya faɗa masa ba, don Baturen ya girme shi a albashi kuma mai otal na ji da shi. Ni da nake shiri da shi, in je in gaya masa. Ya ƙara da cewa yana lura da masu taimakon otal idan lokacin sabunta aiki ya zo. Na fito ina lissafi. In na faɗa, na ɓata da wanda zai yabi aikina. In na ƙi, na ɓata da wanda iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ke hannunsa.

Sai na yi abin da duk ɗan Kano mai tarbiyya zai yi. A wurinmu ba ka duban babba ka ce masa tufarka ba ta dace ba. Sai ka kai masa wata, shi kuma in yana da hankali ya gane. Na ɗauko farar rigata, wadda ta fi kowacce aiki a wuya, da 'yar ciki da wando da hula, na kai wa masu guga, na naɗe a leda na kai masa. Na ce kyauta ce daga Kano, na kuma nanata cewa ta fi kyau ranar Alhamis, musamman wandon.

Malam Dawud ya warware rigar, ya shafa aikin da yatsa, idonsa ya ciko. Ya rungume ni har sai da ƙashin bayana ya yi ƙara. Ya ce shekarunsa da yawa a ƙasar nan ba wanda ya taɓa ba shi tufar garinsu. Na koma masauki ina yaba wa kaina, har na gaya wa Salim cewa siyasa sai Bahaushe.

Washegari ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini leda shi ma. Tun kafin in buɗe na ji nauyin bargo, na san siket ne.

“Na ƙanena ne da ya rasu, tsawonku ɗaya,” in ji shi. “A wurinmu ba a ba bare zanen dangi. Ranar Alhamis ni in sa taka, kai ka sa tamu.”

To ku gaya mini, ku 'yan majalisa masu baki, me za ku yi? Mutum ya ba ka tufar ƙanensa mamaci yana hawaye, ka ce masa a garinku ta mata ce? Kuma ku kun sani, wanda aka yi wa kyautar tufa sai ya sa mai kyautar ya gani, in ba haka ba ya raina. Na je wa Abdul'aziz da labari rabi, na ce Baturen ya yarda ba zai sa siket ba. Ya ce tamam, wato ya yi daidai, har ya yi mini murmushi, na farko tun zuwana. Sauran rabin na bar shi a cikina. Lissafina shi ne in shigo ta ƙofar baya da sassafe, in haye rufi inda babu mai zuwa, Malam Dawud ya gan ni ya ji daɗi, in sauko in koma cikin shuɗina kafin dattijon ya iso.

Salim ne ya taya ni ɗaurawa, don abin yana da maɗauri da ƙarafuna kamar sirdi. Da ya gama sai ya ja da baya ya dube ni ya ce a garinsu dai namiji ba ya fita da mai tattara. Na sa wandon rigata mai ruwan toka a ciki na naɗe ƙafafun zuwa gwiwa. Da Malam Dawud ya gani a kan rufi ya ce ba a sa wando a ciki, na ce masa Malam, zumunci ma yana da iyaka. Shi kuwa ya sha farar rigata, hula ta zauna a kan jan gashi, yana ta fama da hannayen rigar, ya tattara wannan kafaɗa waccan ta zube. Na koya masa yadda ake saɓawa. Zafin da ulun nan ya tara mini a cinya kuwa, ko tanderun masu burodi albarka.

Abin da ban sani ba shi ne dattijon nan ɗan kasuwa ne na gaske, ba ɗakunan baƙi yake fara dubawa ba, injinan da suka ci masa dukiya yake fara dubawa. Ina durƙushe gaban wani babban inji sai na ji ƙofar rufi ta buɗe. Ga dattijo da sanda, ga mutum uku a bayansa, ga Abdul'aziz. Na miƙe da sauri, kuma daidai inda na tsaya nan fankar injin ke huro iska. Siket ya tashi sama ya rufe mini ƙirji, ƙafar wando ɗaya ta warware ta sauka har idon sawu, ɗayar tana naɗe. Na danne gaba, baya ya tashi. Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro wando da alheri.

Dattijon bai daɗe a kaina ba, don idonsa ya faɗa kan Malam Dawud. Ya ce ma sha Allah, ya ƙara cewa ma sha Allah. Ya matsa ya kama gefen rigar yana murzawa, ya tambayi sunan yadin, ya ce wannan ai tufar sarakuna ce, ya sa aka ɗauke su hoto tare. Rigar nan fa ƙanwar wadda aka ce mini mamnu' ce, tela ɗaya, yadi ɗaya, har da sauran ƙanshin daddawa. Sannan ya juyo ya nuna ni da sanda ya tambayi Abdul'aziz wane ne wannan, kuma ina kayan aikinsa. Malam Dawud ya shiga bayani, ya ce laifinsa ne, ya ce ni ne mafi iya aiki a cikin yaransa, ya ce musayar girmamawa muka yi. Dattijon ya yi dariya ya dafa shi ya ce shi dai Dawud mutumin kirki ne. Daga nan ya ce wa Abdul'aziz wata gajeriyar magana ba tare da ya sake kallona ba, suka sauka.

Ba a kore ni a ranar ba, an bar ni na cika wata ukuna cikin shuɗi. Malam Dawud ya je ofis ya yi faɗa har ana jin muryarsa daga bene, bai canza komai ba. Abin da aka ce shi ne na iya aiki amma ba na bin dokar tufafi. Na ji ciwo ƙwarai, kuma har yau in na tuna ina ji. Shekara uku Baturen nan yana yawo da siket a otal ɗin ana ce masa al'ada, ni na sa na rabin safiya aka ce rashin ɗa'a.

Ranar da zan taho na je yi wa Gwaggo sallama. Ta haɗa mini dabino da zamzam tana ta faɗa da Larabci, ban san ko da ni take ko da ɗanta ba. Abdul'aziz ya ce shi zai kai ni tasha. A mota, da muka wuce Sultana, sai ya yi gyaran murya, kuma a karo na farko tun da na san shi ya yi mini magana da Hausa, tana fita da ƙyar kamar ta mai koyo.

“Yaya Ilyasu, rigar nan shuɗiya, tana nan?”

Na ce tana cikin jaka. Ya ce dattijon ya sa an rataye hoton nan a zauren otal, kuma ya ce tunda baƙi 'yan Afirka suna da yawa, yana so ranar Alhamis a riƙa tarbarsu da irin wannan shiga. Ya ce dattijon ya dube shi a gaban mutane ya ce, kai ba asalinka can ba ne, ina taka? Shi kuwa bai taɓa mallakar ko hula ba.

Na so in ce masa mamnu'. Kalmar ta zo har bakina. Sai na tuna ɗan Gwaggo ne, na buɗe jaka a bakin tasha na ciro masa ita da hularta, na tsaya a gaban jama'a ina koya masa yadda ake saɓa hannu a kafaɗa.

Siket ɗin yana nan, na kasa bayarwa saboda mai shi. Jamila ta ce in ban sa ba ita ma ba za ta sa ba, ta ninke shi a ƙasan akwati, ɗakinta kuma yana nan da tsohon fentinsa. Ni na koma shagona, ƙanena ya matsa mini gefe. Makon jiya Malam Dawud ya turo mini hoto a waya: shi cikin fara, Abdul'aziz cikin shuɗiya, suna tsaye a babbar ƙofar otal, mai gadin nan yana sara musu. Don haka Sale, in ka sake tambayata ko tafiyar ta yi riba, amsar ke nan. Mu huɗu muka tafi, ni da riguna uku, biyu sun samu aiki.